Tallar kaya a bidiyo: wane akwatin haske ya dace da shagonku?

Yau da wuya mutum ya ratsa layin ƴan atamfa a babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko babbar kasuwar Yamai, bai ga wani ya ɗaga salula yana ɗaukar kaya ba. Tun daga shekarar 2017, lokacin da WhatsApp ya buɗe filin da kowa ke iya ɗora hoto da ɗan gajeren bidiyo na kwana guda, sannan TikTok ya biyo baya, ciniki mai yawa ya koma cikin waya. Matar da ke cikin gida a Tawa tana sayar da turaren wuta ga wadda ke Agadas, mai kilishi a Madawa yana aika kaya Kwatano, ba tare da sun taɓa ganin juna ba. Abin da mai saye ya gani a waya, shi ya saya.

To amma nan ne rigima ke tasowa. Turmin da ya fito ruwan hoda a bidiyo, in ya isa hannun mai shi sai a tarar ja ne. Shaddar da aka gani fara sol, ashe ruwan madara ce. A maido kaya, a yi asarar kuɗin mota zuwa da dawowa, kuma abin da ya fi ciwo, a rasa abokin ciniki, ya tafi yana cewa an cuce shi. Sau da yawa mai kaya bai yi niyyar ha'inci ba, kuma laifin ba na salula ba ne. Laifin na haske ne.

Shi ya sa ƴan kasuwa da dama suka fara neman abin nan da masu sayarwa ke kira sofbos, mu kuma za mu kira shi akwatin haske. Ganin yadda ake shigo da shi iri-iri daga Kano, Dubai da ƙasar Sin, da yadda wasu ke zuba jikkuna su kwaso abin da ba zai yi musu aiki ba, muka ga ya dace mu yi bayani dalla-dalla, domin kowa ya san abin da zai tambaya kafin ya kwance bakin jakarsa.

Mene ne akwatin haske?

Ba wani abin mamaki ba ne. Ɗan tanti ne na baƙin yadi, da ƙarafa sirara suke riƙe da shi. Cikinsa an shafe shi da ruwan azurfa ko fari, bakinsa kuma an rufe shi da farin ƙyalle mai barin haske ya wuce. Fitila tana zaune daga baya. In an kunna, hasken yana bugun bangon ciki, ya warwatsu, sannan ya fito ta farin ƙyallen gaba ɗaya. Ke nan maimakon haske ya fito daga ɗan ƙaramin ampul, sai ya fito daga fili mai faɗi kamar taga.

Masu ɗaukar hoto na da can taga suke nema, su zaunar da mutum kusa da ita. Akwatin haske taga ce da ake ɗauka a kai ta inda ake so, kuma ba ruwanta da dare ko rana. Irin wanda ake naɗewa a sa a jaka ya yaɗu ne tun daga shekarar 1980, lokacin da kamfanin Chimera na jihar Kolorado a Amurka ya fara ɗinka shi da dabarar tantin masu hawan duwatsu. A yau mafi yawan waɗanda ke shigowa ƙasarmu ƙirar ƙasar Sin ne, irin su Godox, Aputure, Nanlite da Neewer, sai kuma tarin waɗanda ba su da suna ko kaɗan.

Abu na farko da ya kamata a riƙe shi ne akwatin da fitilar abu biyu ne daban. Akwatin shi ke sa haske ya yi laushi. Fitilar ita ke riƙe da ƙarfi da gaskiyar launi. Mutum na iya dacewa da ɗaya ya yi asara a ɗayan.

Laushi daga girma da kusanci yake

Me ake nufi da haske mai laushi? Ku duba inuwa. In bakin inuwa ya fito tsaf kamar an yanka da wuƙa, hasken mai tauri ne. In inuwar ta narke a hankali har ba a gane inda ta ƙare, hasken mai laushi ne.

Kowa a ƙasar nan ya san wannan ko da bai taɓa ba shi suna ba. Da tsakar rana a watan Afrilu, inuwar mutum baƙa ce ƙirin, idanu sun faɗa rami, goshi na walƙiya. Amma ranar da hazon hunturu ya rufe sama, ko hadari ya haɗu da damina, sai inuwa ta ɓace, fuska ta yi sumul. Rana ɗaya ce, ba a canza ta ba. Faɗin rana ya ninka na duniya fiye da sau 100, amma da yake tana nesa da mu da kimanin kilomita miliyan 150, a idonmu ƴar ƙarama ce, shi ya sa haskenta ke da tauri. In hazo ya zo, sai sararin sama gaba ɗaya ya zama fitila, haske ya zo ta ko'ina.

Haka akwatin haske yake. Ba tsadarsa ke kawo laushi ba, ba kuma yawan wat ɗin da aka rubuta a kwali ba. Abu biyu ne kawai: girman bakinsa in an gwada da abin da ake ɗauka, da kuma kusancinsa da abin. Akwati mai faɗin santimita 60 da aka ajiye kusa da kwalbar turare, babba ne ƙwarai. Shi wannan akwatin in aka kai shi nesa da mita 3 don a haska mace tsaye da ɗinkinta, ya koma ɗan ƙaramin ampul, inuwa ta dawo.

Masu aikin suna da ma'auni mai sauƙi. Girman akwati ya kusanci girman abin da za a haska, ko ya fi shi. Nisansa kuma kada ya wuce faɗinsa sau ɗaya zuwa sau biyu. Mai santimita 90 ke nan wurin aikinsa daga mita 1 ne zuwa ƙasa da mita 2.

Akwai wani lissafin da ke tafiya tare da wannan. In aka ninka nisa, haske ba rabi yake komawa ba, wajen kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Fitilar da ta wadatar a mita 1, in aka ja ta zuwa mita 2, sai an samu irinta huɗu kafin a maido hasken farko. Wanda ya ja akwati baya ya yi asara biyu: ya rasa laushi, ya rasa ƙarfi. Ita kuwa salula in haske ya yi mata kaɗan, sai hoton ya cika da tsaki-tsaki, kuma in WhatsApp ya matse bidiyon don ya rage nauyinsa, zanen atamfa ya dagule.

Kowane kaya da akwatinsa

Kafin a tambayi kuɗi, a fara tambayar kai: me nake sayarwa, kuma ina zan ɗauka?

Mai atamfa, leshi da shadda, wanda ke shimfiɗa turmi a tebur ko ya rataya shi, mai kusurwa huɗu ya fi yi masa, kamar mai santimita 60 da 90, ko 80 da 120. Siffarsa ta yi daidai da shimfiɗar yadi, kuma yana lafewa jikin bango a shagon da ba fili. Sai dai kowane yadi da halinsa. Shadda mai maiƙo, irin Getzner ta ƙasar Ostiriya, kamar madubi take: tana nuna siffar fitilar da ta haska ta. Ƙaramar fitila tana barin farin tabo mai kashe ido, babban akwati kuwa yana shimfiɗa walƙiyar a hankali har zanen cikin shaddar ya fito. Leshi da aikin surfani akasin haka suke so. In haske ya zo musu daga gaba kai tsaye, sai aikin ya kwanta, ya zama kamar bugun inji a takarda. A kawo akwatin daga gefe, hasken ya shafi yadin a kwance, kowane zare ya yi ƴar inuwarsa, mai saye ya ga tudun aikin. Haka ma takalma da jakunkunan fata na Damagaram da na jar akuyar Maraɗi.

Mai kwalliya, mai lalle, mai kitso, da duk wadda ke fitowa da fuskarta tana yi wa kaya bayani, mai kusurwa takwas ya fi dacewa da ita, daga santimita 80 zuwa 95. Haskensa yana zagaye fuska, kuma ɗigon da yake bari a ƙwayar ido kewayayye ne kamar na halitta. Baƙar fata tana da sheƙi, musamman ga zufa da man shafawa. Ƙaramar fitila tana mai da sheƙin nan fararen tabo a goshi da hanci, babban akwati kusa da fuska kuwa yana mai da shi kyau.

Tela ko mai kayan sawa da ke son nuna mutum daga ɗankwali har takalmi, sai ya nemi mai santimita 120, ko kuma dogo siriri mai 30 da 120 a tsaye, ko biyu.

Mai humra, turare da man shafawa na kwalba, dogon siririn nan shi ne nasa. In aka tsayar da shi a gefen kwalba, yana zana farin layi mai tsabta daga wuya zuwa gindi, in kuma aka ɗan kai shi baya, launin ruwan da ke ciki ya haskaka. Mai zinariya da azurfar Agadas ba ya bukatar babba. Akwai ɗan farin tanti mai kamar akwati da ake sa kayan a ciki, haske ya kewaye su.

Mai abinci, kilishi, dambun nama ko cincin, ya sa akwatin daga baya ta gefe, sama kaɗan, yana kallon kwano. Ta haka maiƙo da yaji ke fitowa, tururi ma a gan shi.

Akwai kuma mai kama da ƙwarya ko fitilar takarda, wanda ke watsa haske ta kowane gefe. Yana da amfani in ana son a nuna shago gaba ɗaya, ko mutum uku suna hira, amma ba a iya tsare haskensa wuri guda. Sai mai zurfi kamar turmi, da ake kira farabolik, wanda matasa ke so don kyan gani. Yana da nauyi, yana cin wuri ta baya, kuma yana son ƙaƙƙarfar ƙafa. A shago mai mita 2 da 3, in ya shiga, mai shagon ne zai fita. A auna ɗaki, a auna tsawon rufi, kafin a saya.

Abubuwa biyu ke zuwa da akwati mai kyau. Na farko ƙyalle biyu, ɗaya a ciki ɗaya a baki. Na cikin yana kashe farin tabon da ke tsakiya, sai dai a sani ƙyallayen nan suna shan haske, sau da yawa rabi ko fiye. Na biyu raga mai kamar saƙar zuma da ake mannawa a baki. Ba ta rage laushi sosai, amma tana hana haske fantsama jikin bango. Wanda bangon shagonsa kore ne ko shuɗi ya kula da wannan, domin hasken da ya bugi bango yana dawowa da launin fentin ya zauna a kan kaya.

Launi a hannun ampul yake

Ga mai sayar da yadi, nan ne zancen ya fi nauyi. Akwai lambobi biyu da za a nema a jikin fitila ko kwalinta.

Ta farko tana ƙarewa da harafin K. Ita ke faɗin ko hasken ja-ja ne ko fari. Ampul mai 2700K ko 3200K haskensa ruwan ɗorawa ne, kamar na tsofaffin ampul masu zare. Mai 5500K ko 5600K shi ne kwatankwacin hasken rana, kuma shi ya dace da tallar kaya, tunda mai saye in kaya sun iso, waje zai fita da su ya duba. Mai 6500K ya fara karkata zuwa shuɗi. Akwai fitilun da ake murɗawa daga ja-ja zuwa fari. Suna da amfani ga mai ɗaukar biki, amma sun fi tsada, kuma galibi ba su kai mai launi ɗaya ƙarfi ba in wat ɗinsu ɗaya.

Lamba ta biyu ita ce ake rubutawa CRI, ko Ra. Ma'auni ne da ke tsayawa a 100, yana nuna yadda fitila ke fito da launi a kan gaskiyarsa. Rana 100 take. Ampul na LED masu araha da muke sa wa a gida yawanci 70 zuwa 80 suke. Don tallar kaya a nemi 95 ko sama.

Dalilin bambancin yana cikin yadda ake ƙera su. Farin LED asalinsa shuɗi ne. Masana uku ƴan asalin Japan da suka gano shuɗin LED, wato Akasaki, Amano da Nakamura, sun samu kyautar Nobel a 2014 saboda wannan aiki. Ana shafa wa shuɗin wani sinadari mai ruwan ɗorawa, haɗuwarsu ta ba ido fari. In sinadarin mai araha ne, sai ja ya yi ƙaranci a cikin hasken. Abin da babu shi a haske kuwa ba ya fitowa a hoto. Shi ya sa jan atamfa ke komawa ruwan ƙasa, albasar Galmi ta rasa launinta, kilishi ya yi kamar ya kwana biyu, fatar mutum ta yi toka-toka. Kuma a lura, lissafin CRI a kan launuka 8 ake yin sa, babu ja mai ƙarfi a cikinsu. Ja yana da lambarsa daban, R9. Kamfanin da ya yarda da kayansa yakan rubuta ta, ko ya rubuta TLCI, ma'aunin da ƙungiyar gidajen talabijin na Turai ta fito da shi a 2012 don kyamara.

Iri biyu da ke kasuwa

Iri na farko shi ne wanda ya fi yawa: akwati mai 50 da 70, da ƙafarsa, da mazaunin ampul irin na gida mai murɗawa, wanda ake rubuta wa E27. Sau da yawa biyu ake sayarwa a jaka guda. Ba shi da nauyi, ba shi da tsada, kuma ga mai ƙananan kaya a tebur ya isa. Rauninsa ampul ɗin da ke zuwa da shi. In irin mai murɗaɗɗen gilashi ne, yana fashewa da wuri, ba a rage masa ƙarfi, kuma akwai sinadarin zaiba a cikinsa mai cutarwa. In ya fashe a fitar da yara, a buɗe ƙofa da taga, kada a kwashe da hannu tsirara. Gara a musanya shi da LED mai lambobin da muka ambata.

Iri na biyu fitila ce mai zaman kanta, da ake rubuta wa COB, mai wat 60, 100 ko sama, da maɓallin ƙarawa da ragewa. Akwatin daban ake sayensa a ɗaura mata. A nan sai a tambayi bakin da suke haɗuwa. Wanda ya game duniya shi ne bakin Bowens, sunan wani kamfanin Ingila da ya durƙushe a 2017 amma ƙirar bakinsa ta zama ta kowa. In fitila mai wannan bakin ce, yau a sa mata mai kusurwa huɗu, gobe mai takwas, na kowane kamfani. In bakinta na daban ne, an ɗaure mutum da kamfani guda. Wat 60 ya ishi fuska ɗaya ko tebur ɗaya a cikin ɗaki da akwati mai 60 zuwa 90. Mai 120, ko shagon da hasken rana ke shigowa, yana son wat 100 zuwa sama.

Ita kuwa fitilar zobe da ta cika gari, tana da ranarta. Ga fuska kusa da waya tana aiki. Amma haskenta daga gaba yake zuwa kai tsaye, yana kwantar da aikin leshi, yana barin zobe a jikin kwalba da tabarau, kuma in an ja baya mita biyu ba ta da wani ƙarfi.

Kuran, zafi da ƙura

Kayan nan ba don ƙasarmu aka ƙera su ba, don haka sai mun yi namu lissafin. Kuran ɗinmu bolt 220 ne. A duba bayan fitila: in an rubuta 100 zuwa 240V, lafiya lau. In 110V kawai aka rubuta, kayan Amurka ne, ana cusawa zai ƙone. Kan wayar ma a duba, domin na Najeriya mai ƙafa uku ne masu faɗi, namu kuwa mai ƙafa biyu kewayayyu.

Kuran ɗinmu yana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, yawancin salula kuwa an saita su suna ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa. Rashin jituwar nan ita ke kawo baƙaƙen layuka masu yawo a bidiyo, ko haske yana ƙyaftawa, musamman da ampul mai araha. In wayar ta yarda, a mai da ita 25 ko 50. Fitila mai kyau ba ta yin wannan ko an rage ta.

Sai ɗaukewar kuran. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mafi yawan wutar da ƙasar nan ke sha, har zuwa farkon 2024. Ko ba wannan, kowace bazara mun san halin da ake shiga. Alherin LED shi ne ba ta da ci. Mai wat 60 tana jan kimanin 70. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, irin na masu faranti mai hasken rana, ko rabinsa kawai aka ja zai riƙe ta wajen awa 7. Wasu fitilun ma suna da mazaunin batir a jikinsu. Mai aiki da gurup kuwa ya sa na'urar daidaita wuta a tsakani, domin hawa da saukar wuta shi ke kashe su.

A watannin Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a Tawa, Maraɗi da Damagaram. Tsofaffin fitilun halojen masu wat 500 da masu ɗaukar biki ke yawo da su a da, ba a sa su cikin akwatin yadi da ba don su aka yi ba, gobara ce. LED ma tana zafi ta baya, shi ya sa take da ƴar fanka a ciki. Kada a toshe ramukan iskarta, a riƙa kakkaɓe ƙura, kuma a saurari ƙarar fankar kafin a saya, don kada ta shiga cikin magana. Sabuwar COB tana zuwa da murfin roba a bakinta. A cire shi kafin a kunna, in ba haka ba zai narke a kai. Farin ƙyallen kuma in ƙurar hunturu ta mai da shi ja, hasken ma ja zai koma. A cire shi a wanke da hannu, a mai da shi jaka in an gama.

Ranar saye

Gani ya kori ji. A tafi da salular da za a yi aiki da ita, da ƙyalle uku da aka san launinsu sarai: ja, fari, da shuɗi mai duhu. A sa mai kanti ya haɗa akwatin ya kunna. A ɗauki ƙyallayen a ƙarƙashinsa, a fita waje cikin inuwa a gwada hoton da ƙyallen. In ja ya sauya, a bar fitilar komai sauƙin kuɗinta. A ɗauki ɗan bidiyo da saitin nan mai tafiyar hawainiya, a rage fitilar zuwa ƙasa. In layuka sun bayyana, tana ƙyaftawa. A tsaya gaban akwatin a dubi farin ƙyallen: hasken ya bazu ko'ina, ko tsakiya ce kawai ke ci? A duba ɗinki da ƙarafa. A naɗe a buɗe da hannun kai, domin akwai mai buɗewa kamar laima cikin minti guda, akwai wanda sai an cusa ƙarafa ɗaya bayan ɗaya, wanda mai rufe shago kullum zai gaji da shi. A girgiza ƙafar. Siririyar ƙafa da babban akwati, iska kaɗan ko yaro ya gifta sai ƙasa. Ƙaramin buhun rairayi a gindinta yana maganin wannan.

Wanda zai yi saƙo daga waje, ya tuna yuro 1 sefa 655.957 ne, ke nan kayan yuro 100 sun haura jika 65 tun kafin kuɗin jirgi da na duwan. Kuma ya nemi a rubuta masa sunan fitilar da lambarta, kada a tsaya ga hoto.

Yadda ake kafawa

Akwati ɗaya ya isa a fara. A sa shi gefe, tsakanin gaba da kafaɗa, sama da kai kaɗan, yana duban ƙasa. A ɗaya gefen a tsayar da farin kwali ko farin zane, ya maido haske ya cike inuwa. Wannan ya maye gurbin fitila ta biyu ba da ko dala ba. A kashe ampul ɗin shago, a tura ƙofa, domin haɗa haske iri biyu shi ke rikita salula, rabin turmi ya fito ja-ja rabi shuɗi-shuɗi. A goge idon kyamara. A danna kan kaya a riƙe har wayar ta kulle haskenta. Kuma a kashe duk wani saitin gyaran fuska ko ƙarin launi.

Wanda jarinsa bai kai ba kada ya ci bashi don wannan. Bakin ƙofar shago da safe ko bayan la'asar, inda rana ba ta bugu kai tsaye, akwatin haske ne da Allah ya ba kowa. Farin zanen gado da aka ɗaura a rumfa tsakanin rana da kaya, aikinsa ɗaya da farin ƙyallen da ake saye da tsada. Akwatin saye yana da amfani ne ga mai ɗauka da dare, ko mai shago a lungu mai duhu, ko mai son bidiyonsa na yau da na gobe su fito iri ɗaya. Matan da ke adashi tare ma suna iya haɗa hannu su sayi mai kyau guda ɗaya su riƙa karɓa-karɓa, ya fi kowace ta sayi mara kyau nata. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.

Daga ƙarshe muna jan hankalin ƴan'uwa ƴan kasuwa a kan abu guda. Haske mai laushi yana ɓoye tabo, yana kwantar da yamutsa, yana sa tsohon kaya ya yi kamar sabo. Wanda ya iya shi yana iya nuna gaskiya da shi, yana kuma iya rufe aibi. Mai saye daga nesa ba shi da hannun taɓawa, idon mai kaya ya ara. In akwai tabo a turmi, a juya shi ga haske a nuna, a faɗi ragin da za a yi. Wanda aka aika wa abin da ya gani, shi ne zai sake kira, kuma shi ne zai ba ƴar'uwarsa lambar. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, amin.